Injin da Baba Ayuba Bai Ji Kukansa Ba

Mai sayar da kayan mota ne ya kawo mana labarin. Ina zaune a ƙofar ɗakinmu da littafi a cinya, rana ta ɗan karkata, sai ga mutum ya shigo tsakar gida ba sallama, riƙe da galan ɗin baƙin mai. Na san shi, kuma na san ba ya rufe shago da rana tsaka. Ya ajiye galan ɗin a gindin mangwaro, ya tsaya yana kallon motar Baba da ke cikin rumfa, bonet a buɗe.

Ya ce, "Madam, ina Mama?"

Na ce tana coci wurin zumuntar mata.

"Oga Bitrus fa?"

Na ce bai taso daga makaranta ba.

Ya share fuska da hannu. "Baba ya saya mai, ya zauna a benci na, ya ce in ba shi ruwa. Kafin in kawo ruwa, ya kwanta. Mun kai shi asibiti. Likita ya ce ya riga ya tafi."

Tun daga ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. In na buɗe littafi, sai in yi ta maimaita layi guda ban san abin da ya ce ba. In tashi in share inda na riga na share, in leƙa rumfa, in dawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da shi, ko zuciyata za ta zauna.

Baba Ayuba surukina ne, mahaifin maigidana Bitrus. Asalinsa ɗan wani ƙauye ne a bayan Nok, amma tun yana saurayi ya zauna a Kafanchan, ya koyi kanikanci, ya haɗa da tuƙi. Duk wanda ya san shi ya san motarsa, tsohuwar jif mai buɗaɗɗen baya wadda tayoyinta huɗu duka suke ja. Inda kwalta ta ƙare, inda ƙananan bas suke juyawa, nan aikinta yake farawa. Ita ke fito da buhunan citta daga gonakin bayan rafi. Ita ta kai kwanon rufin majami'ar ƙauyensu. In haihuwa ta yi wa mace gardama a ƙauye da damina, ba a neman kowa sai Baba. Kuma bai taɓa shiga rafi da mutane a baya ba sai ya sauka ya naɗe wando ya taka ruwan da ƙafarsa, ko da fasinja suna yi masa tsiya cewa yana ɓata musu lokaci.

Da aka kawo ni gidan nan daga Fadan Kaje, ba na jin yarensu, su ma ba sa jin nawa, Hausa ce ta haɗa mu. Hausar Baba kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinsa, har Mama Rifkatu matarsa. Da farko tsoronsa nake ji, domin dogo ne, ba ya yawan dariya. Wata rana ya same ni a bayan ɗakin girki ina karanta littafin soyayya, na yi maza na tura shi ƙarƙashin zani.

Ya ce, "Amarya, ka sato ne?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To me ya sa kana ɓoye? Kawo kujera rumfa, akwai haske a can."

Haka na zama 'yar rumfa. Yana aiki, ina karatu, in ya gaji da shiru ya ce in ba shi labarin inda na kai. Bai taɓa yarda da samarin littattafan nan ba. "Wannan yaron, aikin me yana yi?" In ce ba a faɗa ba, mai arziki ne kawai. "Tun jiya yana zaune a mota yana kuka don yarinya. Motan a kunne ne?" In ce ban sani ba, Baba. "In a kunne ne, yana kashe inji. Ya fita ya yi kukansa a ƙasa." Amma washegari shi zai fara tambaya, kansa a cikin bonet, kamar ba damuwarsa ba: "Yarinyan nan, ya yarda ne?"

A rumfar nan na ga irin mutumin da yake. Kowane noti sai ya wanke shi da kananzir, ya jera a tsohon tire bi da bi yadda ya kwance su. In wani ya ɓata masa rai, ba ya taɓa sifana. Yakan je gindin mangwaro ya tsaya har ya huce, yana cewa abin da mutum ya ɗaure cikin fushi a hanya yake kwancewa. In direba ya zo yana rantsuwa bai san abin da ya sami motarsa ba, Baba yakan zaro sandar awon mai ya nuna masa ita a bushe, ya ce, "Inji ba ya jin ba-haƙuri. Mai yake ji."

Daminar bara motar ta ba shi kunya. Akwai wani tudu da ake hawa da zarar an haye rafin ƙauyensu. Nan ta kasa, da mace mai naƙuda a baya, sai da maza suka tura. Matar ta sauka lafiya, amma Baba ya dawo gida bai ci tuwo ba. Da rani ya sauke injin gaba ɗaya. Bai tsaya ga gyara ba, ya ce ƙarfi zai ƙara masa. Ya kai gangar injin Jos aka faɗaɗa ramukanta, ya sa manyan fistin da sababbin ringi, ya canja sandar da ke buɗe bawul, ya ɗaura faffaɗan salansa. Watanni ya yi yana haɗawa, yana kwancewa, yana sake haɗawa, har wata daminar ta same shi a kai.

Yadda za a tayar da shi kuwa, ya faɗa mana har mun haddace, ni da Bitrus. Sabon inji irin wannan, da zarar ya kama, ba a barinsa yana numfashi a hankali. Dole a taka totur a riƙe shi da ƙarfi, ana ɗan ƙarawa ana ɗan ragewa, wajen rabin awa, don mai ya watsu ya jiƙa sabon ƙarfe. In aka sassauta, ƙarfe zai ci ƙarfe, kuma ba a gane ɓarnar sai an shiga hanya. Bayan haka a zubar da man farko a zuba sabo. A hanya kuma ba a riƙe shi a gudu ɗaya, a taka ne a saki, kada kuma a danne shi da kaya har sai ringi sun zauna.

Ya ce mini, "Ranan nan kai za ka zauna a ciki. Idonka ya iya kallon abu ɗaya. Ga allura biyu, wannan na mai, wannan na zafi. In na mai ya faɗi, ka yi ihu. In na zafi ya kai ja, ka yi ihu."

Na ce, "Baba, ban iya ihu ba."

Ya ce, "Za ka koya."

Man da ya je saya ranar da ya rasu, na tayar da injin ne.

Da dangi suka taru, maganar inda za a binne shi ta taso. Kowa ya san Baba ya sha faɗa cewa a ƙauye, kusa da mahaifinsa, zai kwanta. Amma ruwa ya cinye hanya. Motar asibiti ba za ta wuce ƙarshen kwalta ba, daga nan zuwa ƙauyen kuma ba tafiyar da za a yi da akwatin gawa a kafaɗa ba ce. Baba Dogara, yayan marigayin, dattijo ne a ikilisiya, maganarsa ake bi. Ya ce a binne shi a maƙabartar gari, ƙasa duk ta Ubangiji ce. Mama tana kan tabarma, kanta a sunkuye.

Bitrus ya ce, "Baba, motarsa za ta kai shi."

Baba Dogara ya ce, "Motar da sabon injinta bai taɓa tashi ba? In ta mutu a tsakiyar rafi da ƙanena a baya, kai za ka ɗauke shi a ka?"

Tambayar gaskiya ce. Bitrus malamin firamare ne. Ya iya tuƙi, yakan riƙe wa mahaifinsa fitila da sifana ranar Asabar, amma bai taɓa tayar da sabon inji shi kaɗai ba. Aka tsaya a kan cewa ya gwada. In ta tashi lafiya, ƙauye. In ta ƙi, gari.

Abin da ba mu yi tunani a kai ba shi ne ƙara. Da safe ne, gida cike da masu ta'aziyya, mata a kan tabarmi, maza a kan fararen kujeru ƙarƙashin rumfar haya, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Bitrus ya zuba man, ya cika lagireto da ruwa, ya cire fulogai ya yi ta murɗa makulli har allurar mai ta motsa, sannan ya mayar da su. Na shiga na zauna a gefensa. Ya murɗa, injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake, ya yi tari. A na gaba ya kama.

Ban taɓa jin irin wannan ruri ba. Kwanon rumfa ya ɗauki rawa, kaji suka watse, wata tsohuwa ta zubar da kununta. Hayaƙin sabon fenti ya tashi daga bonet ya bi kan mutane. Baba Dogara ya taso da sandarsa yana cewa, "Kashe abin nan! Gidan makoki ne ko tasha?" Bitrus ya girgiza kai, hawaye a fuskarsa, ƙafarsa a kan totur. Ni kuwa idona a kan allurai.

Ana cikin haka fasto ya shigo da baƙi daga wata ikilisiya. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga hannu ya ce a yi addu'a. Dukanmu haka aka raine mu: in an ce a yi addu'a, kai ya sunkuya, hannu ya saki abin da yake riƙe da shi. Bitrus ya sunkuyar da kai, ƙafarsa ta ɗago da kanta. Rurin ya koma gurnani. Na ga allurar mai tana saukowa.

"Bitrus, taka! Taka mana!"

Muryata ce, kuma ta faɗo daidai lokacin da gidan ya yi tsit. Amaryar gida tana yi wa mijinta tsawa a gaban surukai, fasto da hannu a sama. Na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera. Bitrus ya dube ni, ya dubi fasto.

Mama ce ta tashi. Tun ranar rasuwar ba ta miƙe daga tabarmar nan ba sai da dalili. Ta tako har gaban motar, ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ta ce, "Fasto, ka yi haƙuri, ka ɗaga murya. Tun ina amarya a cikin ƙaran nan nake addu'a, Ubangiji bai taɓa cewa bai ji ba." Ta juyo. "Bitrus, taka."

Ya taka. Fasto ya yi addu'ar da dukan ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa a miƙe, ba wanda ya ji komai sai Amin. Matan zumunta suka ga ba amfanin yin shiru, suka jawo tulunan kiɗansu suka kama waƙa. Haka muka cika lokacin, inji yana ruri, mata suna waƙa, ni ina kallon allura har idona ya yi ruwa. Wani tiyo ya fara ɗigo, mai kayan motar nan ya tsuguna ya ɗaure shi da sukundireba. Wasu sun kawo shinkafa gaisuwa, wasu itace, shi galan na biyu ya kawo. Da Bitrus ya kashe injin ya tsiyaye man farko, ya shafa shi a yatsa ya ɗaga wa rana. Ɗan ƙyalli ne kawai, irin wanda Baba ya ce za a gani, babu ɓarɓashin ƙarfe. Baba Dogara ya koma kujerarsa.

Kafin ranar jana'iza, kowace yamma Bitrus yakan fita da motar zuwa garin Gidan Waya ya dawo, yana takawa yana saki. Na ji mata a bakin famfo suna cewa uba yana ɗakin ajiye gawa, ɗa yana yawon shan iska. Na cika bokitina rabi na dawo.

Ran jana'iza, bayan sujada a coci, aka ɗora akwatin a bayan motar a kan katifa, aka ɗaure shi da igiyoyin da Baba yake ɗaure buhunan citta. Aka soka ɗanyen ganye gaba da baya. Baba Dogara ya zauna a gefen ƙofa, ni a tsakiya saboda allurai, Mama tana cikin bas a bayanmu. Kowa ya san yadda ake raka gawa: a hankali, a jere, masu babura a gaba. A cikin gari Bitrus ya bi wannan. Muna fita ya taka, muka wuce masu babura, muka bar jerin a baya. Ya saki, motar ta ja baya da kanta har suka kusa cim mana. Ya sake takawa.

Baba Dogara ya riƙe ƙofa da hannu biyu. "Kai yaro, ubanka ka ɗauko, ba doya ba!"

"Baba, in na ja shi a hankali har can, ringi ba za su zauna ba. Ba zai hau tudun ba."

"Wane ringi? Mutane suna kallonmu!"

Suna kallo kuwa. Na ga wata mai tallan masara ta ɗora hannu a ka. Ni na rasa inda zan sa ido, in dubi allura, in waiwaya ta gilashin baya in ga ko igiya ta saki, in sake duban allura. Duk lokacin da motar ta zabura sai in ji kamar akwatin ya motsa, in ce a raina, Baba, ka yi haƙuri, kai ka ce a yi haka.

A ƙarshen kwalta bas-bas suka tsaya, mutane suka sauko. Samari suka ɗare gefen motar, mata suka tura kuloli da buhunan ruwa kusa da akwatin, wasu dangin Mama suka sami wuri suka zauna. Ba wanda ya yi don mugunta, haka aka saba yi da motar Baba. Muka shiga jan laka. A bakin rafi Bitrus ya sauka ya taka ruwan, ya kai masa cinya, ya dawo jiƙe ya sa giya, muka haye ruwa yana dukan ƙofa. Amma injin ya fara nishi, allurar zafi kuma ta kama hanyar ja.

Na ce a hankali, "Zafi yana hawa."

Bitrus ya tsaya a gindin tudun. Ya dubi madubi, ya ga kawunnansa da gwaggonninsa a baya. Yaro ne a cikinsu, ba shi da bakin da zai ce su sauka. Hannunsa yana kan giya, ya kasa gaba ya kasa baya.

Baba Dogara ya dubi allurar, ya dube ni. "Abin nan in ya kai ja, me zai faru?"

Na ce, "Zai ƙone, Baba."

Ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa cikin laka da farar babbar rigarsa. Ya buga sandarsa a jikin motar. "Kowa ya sauka. Kuloli ma a sauke. Ayuba kaɗai zai hau." Na yunƙura zan bi shi, ya ce, "Ke zauna, ki kalli abin naki." Ya tattare riga ya kama tudun da ƙafa, tsoho mai ciwon gwiwa, sauran suka bi shi da kaya a ka.

Muka jira allurar ta sauko. Bitrus ya sa ƙaramar giya, ya taka. Tayoyi suka yi ta watsa laka, bayan motar ya goce hagu, ya dawo, injin ya buɗe murya bai yi tari ba. Muka wuce mutane suna tafe, muka wuce Baba Dogara yana haki, ya ɗaga sanda yana yi mana alamar mu ci gaba. A saman tudun Bitrus ya tsaya, ya kifa kai a kan sitiyari. Daga nan ana hango rufin majami'ar. Muka jira har tsohon ya iso, sannan muka shiga ƙauyen tare, a hankali, yadda ya kamata. An binne Baba Ayuba kusa da mahaifinsa kafin hadarin yamma ya sauko.

Injin bai gama sabawa ba tukuna. Bitrus yakan fita da motar in ya taso daga makaranta, domin manoman citta sun fara aiko tambaya ko za ta zo musu da kaka. Jiya da ya dawo, ina tsakar gida, na ga Mama ta fito daga ɗaki da sabulu da kwanon ruwan wanke hannu, tana sauri, kamar yadda ta saba tarbar Baba. Ta kai tsakiyar gida kafin ta ga wanda ya sauko. Ta tsaya. Sannan ta ƙarasa ta miƙa wa ɗanta, ya wanke hannun da ba shi da datti.

Ya Ubangiji mai jinƙai, ka karɓi bawanka Ayuba. Ka gafarta masa abin da ya yi kuskure, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, ka ba shi hutu a wurinka har ranar tashin matattu. Ka ta'azantar da Baba Dogara, wanda ya binne ƙanen da ya goya. Ka tsare Bitrus a kowane rafi da kowane tudu, ka kiyaye waɗanda za su hau bayansa. Ka kwantar da hankalin gidan nan, domin har yanzu ba mu iya zama ba. Mama Rifkatu kuma, ya Uba, ka riƙe ta da yamma, lokacin da mota take shigowa. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.